Kujerun Aro

Na san wasunku za su ce ni ce mai laifi, wasu su ce Mama ce. Ku dai bari in gama kafin ku yanke mana hukunci.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga yadda nake. Shekarata sha tara, ina ajin ƙarshe a sakandare, mun gama jarrabawa muna jiran abin da Allah zai yi. Burina in karanta haɗa magunguna a jami'a, gidanmu kuwa babu halin biya, ko kusa. Sai kuma Dogo, mai aikin saka na'urar hasken rana a saman gidajen mutane, wanda yake sona nake sonsa. Bai taɓa wuce bakin get ɗinmu ba. A nan muke tsayawa mu yi hirarmu, ni ina jingine da ƙofa, shi yana wasa da makullin babur. Ban taɓa ce masa shigo ba, kuma ina da dalilina.

Dalilin shi ne falonmu. Babana mai gyaran kujeru ne. Kujerar da ta lotsa, ta yage, soso ya fito waje, in ta shiga hannunsa sai ta fito kamar yau aka sayo ta. Amma gidansa babu kujera. Namu an sayar da su shekarar da aka yi wa Mama aiki a asibiti, ba su dawo ba. Abin da ya rage mana tabarmar roba ce, da katifar da ake jinginewa a bango da rana, da kujerun roba guda biyu, ɗaya ma ƙafarta da waya Baba ya ɗaure ta.

Maganar tallafi kuwa, malamarmu mai ba da shawara kan shiga jami'a ce ta tara mu a aji ta yi mana bayani.

"Kowa ta buɗe shafin asusun tallafi da lambar wayarta," in ji ta. "Ki ɗora sakamakonki, da takardar haihuwa, da bayanin abin da iyayenki ke samu. Kada ki ƙara, kada ki rage. Kada kuma ki jira ranar rufewa, shafin cushewa yake yi. Wadda ta tsallake matakin farko, za a turo mutum gidansu ya gani da idonsa. Mako suke faɗa, ba sa faɗin rana sai safiyar ranar. In abin da aka gani ya saɓa da abin da aka rubuta, an cire ki ke nan, kuma ba ki da damar sake nema."

Komai ya zo min da sauƙi ban da ɓangaren Baba. A shago na same shi, warin gam ya cika wurin, ya cika leɓensa da ƙananan ƙusoshi yana ja wa wata kujera yadi.

"Baba, sun ce a rubuta abin da kake samu a wata."

Ya zare ƙusa ɗaya ya buga. "Rubuta alhamdulillah."

"Baba, babu gurbin alhamdulillah a wurin."

"To wurin bai cika ba, Uwata."

Sai da na yi ta zarya, har na yi kuka, kafin ya faɗa min. Ko da zai faɗa ma sai da ya juya min baya, yana magana da kujerar. Mutum ne da bai taɓa ce wa kowa babu ba, ko da kuwa babun ce ta kwana da mu. Na tura, na tsallake matakin farko, aka turo min saƙo cewa a wannan makon mai ziyara za ta zo.

A makon ne kuma saƙon Dogo ya shigo.

"Albishirinki. Gwaggo ta ce Laraba za ta zo gaida su Mama."

Gwaggon nan ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, ko shi bai isa ya tari numfashinta ba. Ya yi min alkawari zai jira ni in yi karatu, amma ya ce dole manya su san juna tukuna, kada a ce wasa yake da 'yar mutane.

Ina gaya wa Mama ta dafe ƙirji, ta bi falon da kallo kamar yau ta fara ganinsa. Da Baba ya dawo ko ruwa ba ta bari ya gama sha ba.

"Malam, saitin nan mai ruwan zuma na matar likita, ai ka gama shi ko?"

"Na gama. Jibi za a kai."

"A kawo shi nan. Yini ɗaya tak."

"Kayan mutane amana ne."

"'Yarka ma amana ce. So kake matar nan ta zauna a kujerar waya ta koma ta ba da labarinmu?"

Na sa baki na ce, "Mama, wannan makon fa masu tallafi za su zo."

"To sai me? Su zo su ga 'yar mutunci ce. Wa zai zuba kuɗinsa a gidan da babu ko wurin zama?"

"Mama, ai marasa hali ake ba wa. In suka ga..."

"Ke za ki koya min karɓar baƙi? Tallafin nan ana sa rai ne kawai, wataƙila a samu wataƙila a rasa. Yaron nan kuwa ga shi a hannu. Rufe min baki."

Na rufe. Na ce a raina kwana biyar ne a makon aiki, ai da wuya su zaɓi Laraba. Ku ji wauta don Allah.

Safiyar Laraba, ƙannena na fita makaranta motar kaya ta tsaya. Aka shigo da doguwa ɗaya da ƙanana biyu, masu laushi, hannayensu na katako sai sheƙi suke. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, ta aro mana talabijin ɗinta mai faɗi, da labule mai ruwan madara, da kafet. Tabarma da katifa da kujerun roba da bokitin da muke tarar ruwa in rufi ya yi yoyo, duk Mama ta tura su uwar ɗaka, ta kulle, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Wayata ma ta ƙwace ta ɗora a saman kabad ɗin kicin, wai tun safe nake latse-latse aiki na jirana.

Wallahi falon ya yi kyau. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Na tsaya a tsakiya ina kallo, wani ɓangare na zuciyata yana cewa ina ma namu ne.

Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, wadda aka yi wa ɗinkin azurfa a wuya, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli kaɗan. Mama ta sa kayanta na fita kunya da ɗankunnen da ba ta sawa sai da dalili. Baba ya ƙi zuwa shago. Ya ce wai don ya gaisa da baƙuwa ne, amma ni na san kujerun yake gadi.

Da hantsi Gwaggo ta iso, ita kaɗai, kuma ita kaɗan ɗin ta isa taro. Doguwa ce kamar Dogo, da tabarau mai igiyar zinare, turarenta ya riga ta shigowa. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni tun daga mayafi har yatsun ƙafa.

"Masha Allah. Tashi, 'yata."

Ta zauna a doguwar, ta shafa hannun kujerar. "Kai, waɗannan sun yi. Irinsu nake nema. A ina kuka samu?"

Mama ta yi murmushi ta ce, "Ai mai gidan ne ya canza mana watan jiya."

Baba ya sunkuyar da kai. Na kawo lemo da biskit a tire, Gwaggo ta kurɓa ta ɗora kofin a hannun kujera. Na ga idon Baba ya bi kofin ya tsaya a kai. Shi kansa a bakin kujera ya ɗosana, ya ƙi jingina, kamar ɗalibi a ofishin shugaban makaranta.

Da na koma kicin na taka turmi na ɗauko wayata. Saƙonnin Dogo ne a sama.

"Ta iso?"

"Ki riƙa murmushi, tana son mai fara'a."

"Shiru? Ko an ƙwace wayar ne, amarya?"

A ƙarƙashinsu akwai wani, tun da safe ya shigo, daga ofishin tallafi. Mai ziyara za ta iso gidanku yau kafin azahar. A tabbatar ɗaliba da mahaifi ko mahaifiya suna nan.

Na shige banɗaki na kira Malama, ina magana ƙasa-ƙasa.

"Malama, don Allah za a iya ɗagawa zuwa gobe?"

"In kika ce a ɗaga, rubutawa za su yi kin ƙi a gani. Me ya faru?"

Na gaya mata a gurguje. Ta yi salati.

"Ki faɗa wa matar gaskiya tun daga ƙofa. Kin ji ni? Tun daga ƙofa."

Ban kai ga ƙofar ba. Ina fitowa na ji sallama, na ji Mama tana amsawa da muryar nan tata ta baƙi.

Matar tallafi ba ta da wani kwarjini a ido. Gajera ce, da takalmi mara tsini, da katin aiki rataye a wuya, da babbar waya mai faɗi a hannu. Amma tana shigowa na ga idonta ya zagaye falon sau ɗaya, daga labule zuwa talabijin zuwa kafet, ya dawo kaina.

"Bismillah, ga kujera," in ji Mama. Ta juya ga Gwaggo. "Daga wajen karatunta ne. Saboda ƙoƙarinta suka zo."

"Tambayoyin na cikin gida ne," matar ta ce a hankali. "Ko akwai inda za mu keɓe?"

Nan na ga mafita. In na shigar da ita uwar ɗaka, za ta ga katifa da tabarma da bokiti, in yi mata bayani a kunne, Gwaggo ba ta ji komai ba. Na ce da sauri, "Mu shiga ciki."

Mama ta dafe bakin zaninta inda makullin yake. Ƙofar ɗakin tana kallon kujerar Gwaggo kai tsaye, ana buɗewa an gama ganin komai.

"Ciki ba a gyara ba," in ji ta.

"Haba, ku yi a nan," in ji Gwaggo tana gyara tabarau. "Ni ma ta gida ce. Ina son in ji irin ƙoƙarin 'yar tamu."

Matar ta zauna a ƙaramar kujera, ta lotsa cikin laushinta. Ta tambayi sunana, da makarantarmu, da abin da nake son karantawa. Ta tambayi Baba sana'arsa, ya faɗa. Ta tambayi mu nawa ne a gidan, ko haya muke. Duk wannan ya wuce lafiya. Sai ta ɗan shafa yadin kujerar da take kai.

"Waɗannan naku ne?"

"Namu ne," in ji Mama.

"Talabijin ɗin fa?"

"Namu ne."

Ta duba wayarta ta daɗe, sannan ta ɗago ta dube ni. Ba ta karanta abin da na rubuta a fili ba, kuma har gobe ina gode mata da wannan.

"Ƙanwata, abin da ke cikin bayaninki da abin da nake gani ba su yi kama ba. Ina son in ji daga bakinki. Kayan nan naku ne?"

Jama'a, ku gaya min, me za ku ce? Ga Mama ta kafe ni da ido, idon yana roƙona yana kuma gargaɗina a lokaci guda. Ga Gwaggo ta ajiye biskit ɗin da ta ɗauka, ta karkato. In na ce namu ne, na zama maƙaryaciya a wurin ofishin, karatu ya tafi har abada. In na ce ba namu ba ne, na ƙaryata uwata a gaban matar da za ta zama surukata. Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Matar ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta ɗan girgiza kai.

"To shi ke nan. Ni abin da na gani zan rubuta."

Ta ɗora yatsa a kan wayar.

"Baiwar Allah, dakata."

Muryar Baba ce. Ya miƙe tsaye, ya miƙa wa Mama hannu.

"Maman yara, ba ni makullin."

"Malam..."

"Ba ni."

Ban taɓa jin ya yi mata magana da wannan muryar ba. Bai ɗaga ta ba, amma babu wurin musu a cikinta. Mama ta kwance bakin zanin. Ya buɗe ƙofar ya bar ta a wangale, katifa ta zamo ta faɗo rabi a falo, bokiti ya gangaro ya tsaya a kan kafet ɗin Maman 'Yan Biyu. Ya shiga ya fito da kujerun roba, ya dire su a tsakiyar falon. Ya zauna a mai wayar, ta yi ƙara kamar yadda ta saba, ya jingina bayansa sosai.

"Wannan ce tawa," ya ce. "Waɗancan na matar wani likita ne, gyara aka kawo min, gobe zan mayar. Talabijin da labule da abin shimfiɗar nan na maƙwabta ne. Abin da yarinyar nan ta rubuta, ni na faɗa mata da bakina. Ba ta yi ƙarya ba. Mu muka yi."

Ya juya ga Gwaggo.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ke ma gara ki gani yau."

Mama ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuwa hawaye ne kawai ke zuba, ban ma san lokacin da suka fara ba. Mutumin da sai da ya juya wa 'yarsa baya kafin ya iya faɗin abin da yake samu, yau ga shi zaune a kujerar waya a gaban mata biyu baƙi, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Matar tallafi ta nemi izinin ganin ɗakin da ɗaukar hoto. Baba da kansa ya riƙe mata ƙofa, ya nuna mata inda rufi ke yoyo. Ta tambayi inda shagonsa yake, ta ce za ta biya ta can. Da za ta fita na bi ta har get.

"Anti, an cire ni?"

"Zan rubuta duka biyun, abin da na tarar da abin da aka nuna min. Kwamiti ke yanke hukunci, ba ni ba." Ta ɗan tsaya. "Ki bar wayarki a kunne."

Da na dawo Gwaggo ta riga ta miƙe. Ta sauke kofin daga hannun kujera ta ajiye a ƙasa, ta ɗauki jakarta. Fuskarta ba ta nuna komai ba, ba fushi, ba tausayi, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

"Na gode da karɓa," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce sai an ji daga gare mu ba, ba ta sake kira na 'yata ba.

Motarta na tashi Mama ta fashe da kuka.

"Kun gama da ni. Kai da 'yarka kun tsiraita ni a gaban mutane. Da wane ido zan ƙara kallon matar nan?"

Ta shige ɗaka ta turo ƙofa. Na so in bi ta, na fasa. Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta har cikin ƙashina, don na san ba don kanta ta yi ba.

Baba kuwa ya nufi kujerun aron. Ya ɗauko tsumma ya goge hannun kujerar inda kofin ya zauna, ya duba ta gefen haske, ya sake gogewa. Ya lulluɓe saitin da leda, ya kira mai motar kaya. Na naɗe kafet, na sauke labule, na kai wa Maman 'Yan Biyu kayanta tana ta tambayata yaya aka yi. Kafin la'asar falonmu ya koma falonmu.

Na shimfiɗa tabarma na zauna kusa da ƙafar Baba. Ya daɗe yana kallon bango.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Matar tallafin ta rubuta kuwa?"

"Ta rubuta, Baba."

"To." Ya sauke numfashi. "In sun ba ki, ki yi karatun da kyau. Da tsada na saya."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba a gaban baƙi. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara a cinyata. Na zabura, na ɗauka ofishin ne. Dogo ne.

"Gwaggo ta gaya min komai."

Na ƙura wa allon ido. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ina bakin get."

Na miƙe ina gyara mayafi, sai wani saƙon ya shigo.

"Kada ki fito. Ki tambayi Baba ko zan iya shigowa."

Babu amarya, babu 'yar fuskar dariyar da yake saka min a ƙarshen kowane saƙo. Ban san ko sallama ya zo yi min ba, ko wani abu daban. Na miƙa wa Baba wayar, ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali. Ya dubi ƙofar ɗakin da Mama take, ya dubi falon. Sai ya jawo ɗaya kujerar robar, mai lafiyar, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ajiye ta tana fuskantar tasa.

"Ce masa ya shigo."

Na rubuta, na tura. Na ji ƙarar get, na ji takunsa a tsakar gida, takun da na sani ko a cikin barci. Amma a bayansa akwai wani takun, mai nauyi, marar gaggawa, kuma turaren nan na Gwaggo ya riga su isowa ƙofa.

Baba ya dubi kujerar da ya goge, ya dubi wadda yake kai. Ya miƙe, ya tura mai wayar kusa da 'yar'uwarta, ya sauko ya zauna a tabarma kusa da ni, sannan ya amsa sallamar.